An manna mini tikiti biyu a wurin fakin ɗin gidan da nake biyan haya

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Muna zaune a Mancesta ni da maigidana da yaranmu biyu, shi yana karatun digirin digirgir ni kuma ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Filat ɗin da muke haya yana da wurin fakin namu na kanmu, lambarsa ma tana rubuce a yarjejeniyar haya. Bayan mun tare da 'yan watanni sai aka kawo wani kamfani ya kafa alluna a harabar, aka zuro mana wani kati ta ƙofa wai a dinga ajiye shi a gaban mota. Satin da ya wuce na dawo daga dutin dare a gajiye, na yi fakin a wurinmu na shige ciki, ashe katin ya zame ya faɗa ƙasan kujera. Kwana biyu ban fita ba, da na sauko sai na tarar da leda biyu masu ruwan ɗorawa manne a gilas, kowacce fam 100, in an biya cikin kwana 14 fam 60. Na kira ejan ya ce ba ruwansu. Maigidana ya ce mu biya kawai kar abin ya taɓa mana biza, har yana faɗa wai sakacina ne, tun ranar ba ma wata maganar kirki. Wata ƙawata kuma ta ce in yaga in watsar ba abin da za su iya. Motar sunansa ne a takarda, ni ce nake hawa. Anti fam 120 ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurinmu, kuma abin da ya fi ci mini rai a wurin da nake biya duk wata ne aka ci ni tara. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, sannu da gajiya. Wanda ya kwana a tsaye yana ɗaga tsofaffi yana canza musu shimfiɗa, gari ya waye ya jawo mota cikin sanyin nan ya iso gida, ai ba abin da ke ransa sai gado, wa zai tsaya leƙen gilas ya ga ko kati na nan ko ya zame? Ni dai ban ga sakaci a nan ba. A wurinki kika ajiye motarki, ba ki tare wa kowa hanya ba, ba ki ci wurin maƙwabci ba, ɓacin ran da kike ji yana kan hanya, kar ki bari a sa ki ji kamar kin aikata wani abin kunya.

Bari mu fara da maganar biza tunda ita ce ta hana ku barci. Ki ɗauko takardun nan biyu ki duba samansu, za ki ga an rubuta Parking Charge Notice. Ta kansil, wato ƙaramar hukuma, sunanta Penalty Charge Notice, kuma da yake ledar kusan iri ɗaya ce mutane da yawa ba sa bambancewa. Ta kansil ita ce tarar da doka ta ba hukuma ikon ci. Taku kuwa kamfani ne mai zaman kansa yake cewa allon da ya kafa yarjejeniya ce, ke da kika ajiye mota kin amince da ita kuma kin saɓa, don haka yana bin ki kuɗi. Iyakarta ke nan, takardar neman kuɗi ce. Ba 'yan sanda a ciki, ba ta shiga kundin masu laifi, ba ta sa maki a lasisin tuƙi, kuma in kin yi afil a kanta da kamfani kike jayayya, gwamnati ba ta ciki balle a zo kan takardun zama. Ba su da ikon ɗaure tayar motar ko su ja ta su tafi, tun 1 ga Oktoba 2012 aka haramta wa kamfanoni irinsu yin haka a Ingila da Wales.

Amma shawarar ƙawarki kam dan Allah kar ki ɗauka. Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, tsohon labari ne ta riƙe. A da sai kamfani ya gano wanda ya tuƙa motar kafin ya iya binsa, mutane sai su yi gum maganar ta mutu a haka. Dokar 2012 ɗin nan, wato Protection of Freedoms Act, ta ba su damar bin wanda sunansa ke kan takardar mota in ba su san direba ba, muddin sun cika sharuɗɗanta, kuma fam 2.50 kacal suke biyan DVLA, hukumar rijistar motoci, a ba su suna da adireshin mai mota. Sai kuma a 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin fakin na ParkingEye da Beavis, shi Beavis wani mutum ne da ya wuce awa biyun kyauta a wurin fakin ɗin kantuna a garin Chelmsford aka caje shi fam 85, ya ce kuɗin ya yi yawa, kotu ta ce ya biya. Tun daga nan kamfanonin suka samu ƙwarin gwiwar kai mutane ƙara, kuma doka ta ba su har shekara 6 su shigar. Wanda ya yi shiru har sammaci ya zo bai amsa ba, a bayan idonsa ake yanke masa hukunci, shi ne ake ce wa CCJ, in ba a biya cikin wata ɗaya ba sai ya zauna a rijistar waɗanda kotu ta yanke wa hukuncin bashi har shekara 6, kina neman sabon gidan haya ko wayar biya a hankali ko bashin sayen gida a yi ta ce miki a'a ba ki san dalili ba. Kin ga ashe tsoron maigidanki yana da tushe, sai dai wanda ya watsar da takarda ne yake faɗawa wannan ramin, mai yin afil bai kusa da shi ba.

To yanzu ga inda ƙarfinki yake, kuma a nan nake so ki tsaya da ƙafafunki biyu. Shi mutumin Chelmsford baƙo ne a filin kantuna, ba shi da wata takarda da ta ba shi wurin sai abin da allo ya faɗa. Ke kuwa tun kafin a haƙa ramin allon kina da yarjejeniya a hannu mai ɗauke da lambar wurinki, kuɗinsa yana cikin hayar da kike biya duk wata. To me kamfanin ya ba ki wanda ba ki da shi, da har zai ce kun ƙulla wata sabuwar yarjejeniya da shi? Ba ki sa musu hannu a komai ba, ta ƙofa aka zuro miki kati. Kamar mai gadi ne da aka ɗauka don ya hana 'yan waje shigowa, ya koma yana tare masu gida a ƙofa yana cewa sai sun biya. Kuma kotu ta taɓa duba irin wannan. A 2016 a kotun Oxford, a shari'ar Jopson da Homeguard, wata mata ce ta tsaya 'yan mintoci a ƙofar benensu tana sauke kayan ɗaki aka caje ta, alƙalin da ya saurari afil ɗinta ya ce haƙƙin da takardar gidanta ta ba ta yana nan daram, kawo kamfanin fakin daga baya bai shafe shi ba. Ba zan ɓoye miki ba, wannan hukuncin ƙaramar kotu ne, bai zama dole a kan sauran alƙalai ba kamar na Kotun Ƙoli, amma ana kafa hujja da shi sosai a rigimar fakin ta gidajen zama.

Saboda haka yau da daddare in yara sun kwanta ki ɗauko yarjejeniyar ku karanta ta tsaf ke da Abbansu. Ku nemo layin da ya ambaci wurin fakin, sannan ku duba ko akwai inda aka ce sai an nuna famit, wato katin nan na gaban mota, ko aka ce kun yarda da duk wata doka da masu kula da harabar za su kawo nan gaba. In babu, hujjarki ta yi kyau ƙwarai. In akwai irin wannan layin to ta ɗan yi rauni, gara ki sani tun yanzu, duk da haka ba ta faɗi ba tunda kina da katin kuma wurin naki ne. Akwai kuma takarda ta biyu wadda ba ta hannunki. Galibin filat a Ingila shi kansa wanda ya ba ku haya yana riƙe da shi ne da doguwar yarjejeniya ta shekara 99 ko 125 ko ma 999, a cikinta ne aka faɗi asalin haƙƙin wurin fakin ɗin, ki roƙe shi ya turo miki hoton shafukan da suka yi magana a kai.

Maganar ejan da ya ce ba ruwansu, wataƙila ma gaskiya ya faɗa miki rabi. Sau da yawa ejan mai karɓar haya daban, kamfanin da ke kula da ginin gaba ɗaya daban, masu sharar matakala da gyaran lif da fitilun haraba, kuma su ne yawanci suke kawo kamfanin fakin. Ki duba allon sanarwa da ke zauren shiga kusa da akwatunan wasiƙa, sunansu da imel ɗinsu na nan. Wanda ya kawo kamfani shi ke iya ce masa ya soke tikiti, imel ɗaya daga wurinsu ya fi shafi goma daga wurinki, shi ya sa nake so ki fara ta nan gobe da safe. Ki rubuta musu a ladabce, gajere: ke mazauniyar filat lamba kaza ce, wurin fakin lamba kaza naku ne bisa yarjejeniyar haya, ga hotonta, ga hoton famit, ga lambobin tikitin biyu, kina neman su umarci kamfanin ya soke. Ki sa mamallakin gidan da ejan a cikin imel ɗin. Shi mamallakin gidan shi ne yake biyansu kuɗin hidima duk shekara, in ya yi magana suna ji, kuma ba ya son ya rasa 'yan haya masu biya a kan lokaci saboda fam 120. Ki daina kiran waya, abin da aka faɗa a waya gobe za a ce ba a faɗa ba.

Amma kar ki zauna jiran amsarsu kwanaki su ƙare miki. Kuna da kwana 28 ku yi afil wurin kamfanin, sai dai in kun tura cikin kwana 14 na farko, ko sun ƙi sai sun sake ba ku damar biyan fam 60 ɗin, to me zai sa a yi asarar wannan? Kin riga kin ci wasu kwanaki, ki lissafa daga ranar da ke jikin tikitin farko. Kafin ku tura ki sauka ki ɗauki hotuna, lambar da aka rubuta a ƙasa a wurinku, motar a ciki, allunan daga inda direba yake hango su, in akwai wanda bishiya ta rufe ko rubutunsa ƙanana ne ki ɗauka, ki ɗauki katin gaba da baya. Kuma kar ku biya ko sisi kafin nan, da zarar an biya sai su ce an amsa laifi su rufe fayil.

Tunda motar sunan maigidanki ne, shi ya kamata ya rubuta a matsayin mai mota. Doka ba ta tilasta masa faɗin wanda ya tuƙa ba, ba irin takardar 'yan sanda ta gudun wuce ƙa'ida ba ce wadda dole a faɗa, don haka in fom ɗinsu na intanet ya tambaya sai ya zaɓi mai mota ya wuce. Amfanin hakan shi ne in suna son bin mai mota bayan sun manna tikiti a gilas, sai sun aiko masa da wata sanarwa ta gidan waya bayan kwana 28 kuma kafin kwana 56 su wuce, da kalmomin da doka ta gindaya, in suka makara ko suka yi kuskure sun rasa wannan damar, shi ya sa duk ambulan da ya shigo ki rubuta ranar a jikinsa ki adana. Amma fa ban ce a yi ƙarya ba ƙanwata. Kar ya rubuta cewa bai san wanda ya tuƙa ba, kar ki ce katin yana gilas alhali ya faɗi, in kuma wata rana alƙali ya tambaya sai a faɗi gaskiya, ba kwa ma buƙatar ƙarya don gaskiyarku ta ishe ku. A cikin afil ɗin kar ku ɓata lokaci a kan kuɗin ya yi yawa ko mun gaji ko ba mu da hali, shari'ar 2015 ta toshe ta farko, sauran kuma ba sa duba su. Ku ce wurin naku ne da yarjejeniya, ba ta ce sai da famit ba in haka kuka gani a ciki, kuna da famit ɗin ma ga shi, motar ba ta motsa ba tsakanin tikitin farko da na biyu don haka tsayuwa ɗaya ce aka caje sau biyu, sannan ku nemi su nuna takardar da mai filin ya ba su izinin cajin mazauna gidan a wurarensu. Kowane tikiti da nasa afil ɗin.

Akwai yiwuwar su ce a biya fam 20 a maimakon 100. Ƙa'idar aikin da ƙungiyoyin kamfanonin fakin guda biyu, BPA da IPC, suka fara amfani da ita 1 ga Oktoba 2024 ta tanadi wannan ragin ga wanda yake da famit mai aiki amma bai nuna ba, in ya kawo shaida. In kuma suka ƙi gaba ɗaya, ki duba tambarin da ke ƙasan takardar ki ga ƙungiyar da kamfanin yake ciki. In BPA ne za su ba ku lamba mai alƙaluma 10 ku kai ƙara POPLA, masu sauraron afil na biyu, cikin kwana 28, kyauta ne, in kun ci dole kamfanin ya janye, in kun faɗi hukuncin bai ɗaure ku ba. In IPC ne nasu masu sauraron afil ɗin, IAS, ake zuwa, wa'adin yana jikin wasiƙar ƙin. Abin lura a nan, da kun wuce wannan matakin ragin fam 60 ya tafi, an koma 100, kuma su waɗannan masu sauraron afil ɗin sun fi duba allo da ƙa'idar kamfani, maganar yarjejeniyar haya a gaban alƙali ta fi yin tasiri.

Daga nan sai wasiƙun masu karɓar bashi su fara shigowa, da jan rubutu da gargaɗin ƙarshe, kuɗin ya koma fam 170 kowanne. Na san irinsu suna kayar da gaba, amma waɗannan mutanen ba su da ikon shiga gidanki ko ɗaukar kayanki, wasiƙa kawai suke iyawa. Guda biyu ne ba a wasa da su. Ta farko mai taken Letter Before Claim ko Letter of Claim, tana ba da kwana 30 a amsa. Ta biyu takardar ƙara daga ofishin kotu na Northampton, kwana 14 ne a sanar da su an karɓa, kwana 28 a shigar da kariya. In abin ya kai nan ku je Citizens Advice, masu ba jama'a shawara a kan irin waɗannan matsalolin, kyauta ne, ko ofishin shawara na ƙungiyar ɗalibai a jami'ar maigidanki. Ƙaramar ƙara ce, ana fara yin sulhu ta waya kyauta, in ba a daidaita ba a zauna a ɗaki da alƙali ba sai da lauya ba, ko an faɗi abin da ake biya shi ne kuɗin da kuɗin shigar da ƙara da ɗan ƙayyadadden kuɗin lauya, in an biya cikin wata ɗaya sunan mutum ba ya zama a rijista. Kuma dan Allah ku duba takardar motar V5C yau, ku tabbata adireshin wannan gidan ne a jiki, mutane da yawa da suka wayi gari da CCJ tsohon gidansu aka yi ta aika wa wasiƙu ba su sani ba.

Shi kuma maigidanki, ki yi masa uzuri. Mutumin da ya ɗauko iyali ya kawo ƙasar mutane, ga karatu ga kuɗin makaranta ga ranar sabunta biza tana matsowa, duk takardar da ta shigo da tambari gabansa faɗuwa yake, wannan faɗan da ya yi miki tsoro ne ya fito ta baki. Bai kyauta ba da ya ɗora miki, kuma kina da damar ki faɗa masa maganar ta yi miki zafi, amma ki zaɓi lokaci, ba yana shirin fita ba, ba kuma ke kina dawowa daga aiki ba. Ki nuna masa wannan amsar, ki miƙa masa yarjejeniyar ki ce Abban yara duba mana wannan layin, tunda shi zai sa hannu a afil ɗin gara ya ji da shi ake yi. Ku yanke tun yanzu inda za ku tsaya. Ni a ganina, ku nemi masu kula da ginin kuma ku yi afil na farko, waɗannan biyun ba sa cin ku komai. In aka soke alhamdulillah. In aka ce fam 20, kuka ga lafiyarku da zaman lafiyar gidanku sun fi muku watannin wasiƙu, ku biya ku huta, ba wanda zai ce kun gaza. In kuwa suka dage a kan cikakken kuɗi alhali yarjejeniyarku ba ta ambaci famit ba, ni kam da ni ce ba zan biya ba, don wanda ya biya yau a wurinsa gobe kati ya sake zamewa za a sake manna masa.

Ki kuma ɗan taɓa maƙwabta, da wuya a ce ku kaɗai aka yi wa a wannan harabar, in ku biyar ko shida kuka rubuta wa masu kula da ginin tare kuna neman a sa lambobin motocin mazauna a jerin waɗanda ba a taɓawa, ko a cire wurarenku daga sintirin kamfanin gaba ɗaya, za su fi saurin motsawa. Kafin nan ki samu salatif ki manne katin a gilas ta ciki, amma ki ƙara layi ɗaya a imel ɗinki cewa kina sa shi ne don sauƙaƙa wa masu zagaye aiki, izinin wurin kuwa yarjejeniyar haya ce ta ba ki. In amsar kamfanin ta iso ki turo mini ita tare da shafin da ya yi maganar fakin, ki rufe sunaye da adireshi, mu duba tare kafin wa'adin da za su ba ku ya cika. A gaida yara.